Mutum Ɗaya a Cikin Gangar Niƙa

Layi ɗaya ne tak a cikin layuka dubu goma sha huɗu, kuma ba shi take nema ba. Masana'antar siminti ce ta kawo ƙorafi cewa agogon na'urar ƙofa yana latti da minti uku, suka haɗo da rajistar na'urar ta wata guda, wato jerin duk abin da ta yi, da sa'a da minti da sakan. Injiniya, kamar yadda kowa ke kiranta a ofis, ta buɗe rajistar wajen goma na safe, kofin shayi a hannu, tana gungurawa ƙasa a kasalance.

Sai idonta ya tsaya. Layin cewa ya yi: mutane a ciki, ɗaya, ganga, a sake.

Ita ta rubuta wannan manhajar shekara uku da suka wuce. Masana'antar tana da wata gangar niƙa, ƙarfe ne kwance wanda ya fi bas biyu tsawo, cike da ƙwallayen ƙarfe masu murƙushe dutse ya koma gari. In za a yi gyara, ta wata 'yar ƙofa mutane ke shiga cikinta. A da, kowane ma'aikaci kan rataya kwaɗonsa a jikin makunnin wuta, ya jefa makulli aljihu, sannan ya shiga. Da makullai suka riƙa ɓacewa, aiki yana tsayawa, sai aka koma kati. Mai shiga ya dangwala katinsa, ƙirge ya ƙaru da ɗaya. Mai fita ya dangwala, ya ragu da ɗaya. Muddin ƙirge bai koma sifili ba, ganga a kulle take. Da ya koma sifili, na'ura ta sake ta, koriyar fitila ta kama a ɗakin sarrafawa, mai kula ya danna maɓalli.

Saboda haka "ɗaya" da "a sake" bai kamata su taɓa zama a layi guda ba. Amma ga su, ranar Talata ta makon jiya, ƙarfe biyu da minti ɗaya. Sakan goma sha ɗaya abin ya ɗauka kafin mutumin ya fito. Ba wanda ya danna maɓalli. Ba wanda ma ya lura.

Ta ajiye kofin, ta kira Shiru, abokin aikinta da aka laƙaba wa sunan saboda bakinsa ba ya hutawa. Ya turo kujerarsa mai taya har teburinta, yana ba ta labarin yadda firij ɗinsa ya koyi kukan akuya. Da ya karanta layin, sai labarin ya mutu a bakinsa.

"Kuskuren rubutu ne a rajista," in ji shi.

"Ni ma haka nake so ya zama. Zo allo."

Ta zana layi biyu tsaye a jikin farin allon ofis. A cikin na'urar akwai ayyuka biyu masu gudana a lokaci guda, masu sana'ar suna kiran kowanne zare. Zare ɗaya yana lura da masu fita, ɗaya yana lura da masu shiga. Akwai kuma kulle guda, wanda duk zaren da ya riƙe shi, ɗayan sai ya jira.

"Duba nan," ta ce. "Na ƙarshe ya fito. Zaren fita ya rage ɗaya, ya ga sifili. Sai me?"

"Sai ya ɗauki kulle, ya saki ganga."

"Sai ya ɗauki kulle. Bayan ya ga sifili, ba kafin ba. To a wannan ɗan tsakanin, in wani ya dangwala katin shiga fa? Zaren shiga zai duba ya ga ganga har yanzu a kulle, ya ƙara ɗaya, ya buɗe masa ƙofa. Shi kuwa na fita ya riga ya yanke hukuncinsa. Ba ya sake dubawa."

Shiru ya sosa ƙeya. "Wannan tsakanin bai kai ƙiftawar ido ba. Shekara uku bai faru ba. Sau ɗaya a miliyan ne."

Tana cikin zanen ta tuna wani abu. Watan jiya ta yi wa manhajar ɗan gyara, aka tura wa duk masu amfani da ita. Layi ɗaya ta ƙara: da zarar ƙirge ya koma sifili, a rubuta a rajista. Kuma a daidai wannan tsakanin ta sa shi. Na'urar masana'antar tsohuwa ce, ma'ajiyarta ta kusa cika. Rubutu ɗaya kan iya cin sakan biyu. Tsagar da ta kwana shekara uku kamar silin gashi, ita da hannunta ta buɗe ta.

Suka haɗa gwaji a kwamfutar ofis: zare biyu, shiga da fita, ba ƙaƙƙautawa. Tsohuwar manhaja ta yi minti arba'in kafin ta faɗi sau ɗaya. Sabuwar, cikin minti biyu ta faɗi sau bakwai. Shiru ya zauna yana kallon lambobin, hannunsa a baki.

Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata.

Jiya da yamma Auta, ƙanin mijinta, ya biyo ta gida ya karɓi injin huda bango da ya ba yayansa aro. Makaniki ne a masana'antar, magidanci mai 'ya'ya biyu da gemu, amma har gobe Auta. Ya tsaya a bakin kicin yana tsokanarta cewa na'urarta ta mayar da su 'yan makaranta, sai an kira suna a shiga. Daga nan ya ce wannan makon gaba ɗaya a cikin ganga za su wuni, ana sauya faifan ƙarfen da ke jikinta.

Manajan kamfaninsu yana cin biskit a ofishinsa lokacin da ta shiga. Ya saurare ta har ƙarshe, ba shi da halin katse mutum. Ya kaɗe burbushi daga rigarsa.

"Ki gyara, mu gwada, mu tura musu ranar Litinin a matsayin sabuntawa. Ba sai an tayar da hankalin kowa ba."

"Oga, yau mutane suna ciki."

"Jiya ma suna ciki. Shekaranjiya ma. In kika kira su kika ce na'urarmu tana iya niƙe mutum, kin san kalmar da za su riƙe kenan, ko?"

"Ai ita nake so su riƙe."

"Ban hana ki ba," ya ce a hankali. "Amma ban aike ki ba."

Ta kira ɗakin sarrafawa, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Auta, bai ɗauka ba, ta tuna a akwatin ajiya suke barin wayoyi. Ta kira ofishin masana'antar, wata murya mai sanyi ta ce shugaban sashe yana taro, a bar saƙo. Ta zari makullin mota.

Tafiyar minti talatin ce in hanya da sauƙi, ranar kuwa ba sauƙi. Wata tirela ta kwanta a kan shataletale, motoci suna lallaɓawa ta gefenta ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙe sitiyari tana lissafi: ƙarfe biyu ake canjin aiki, lokacin ne masu fita da masu shiga ke cin karo a bakin ƙofa. Duk motar asibiti da ta gani a hanya, sai ta bi ta da ido ta ga ina ta nufa.

Ɗaya da ashirin ta isa. Mai gadi ya ba ta hular kwano da ta fi kanta girma. Ƙurar siminti ta rufe komai, ganyen bishiyoyi da gilashin motoci da girar ma'aikata, duk launi guda. Ta sami Heluma, shugaban masu gyara, a gindin gangar da takarda a hannu. Ƙato ne mai murya kamar an kaɗa durom. Gangar tana kwance a kansu, shiru, daga cikinta ana jin bugun guduma a dushe.

Ta yi masa bayani a gaggauce. Ya karkace kai.

"Hajiya, na'urarki ta ce mutum shida a ciki. Ni ma shida na tura. Ina matsalar?"

"Yanzu babu. Lokacin da na ƙarshe zai fito ne."

"To in na ƙarshe ya fito ai ba kowa kenan."

"Sai in wani ya shiga a daidai lokacin."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa mai tsoron ƙadangare. Ya ce in aka yanke babbar wuta, tayar da injin yakan ci awa biyu, kuma an ba shi umarnin ƙarfe biyar a gwada ganga.

Wani dattijo ne ya sa baki, siriri, da abin gwada wuta a aljihun gaba. Baba Mai Wuta ake ce masa, shekara talatin da ɗaya yana kula da lantarkin wurin. Tun ɗazu yana zaune a kan wani bokiti da aka kifa, yana sauraro.

"'Yata," ya ce, "ke kika ƙera abin?"

"Ni ce, Baba."

"Kuma ke kika ce kada a yarda da shi?"

"Ni ce."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "To ni wannan ya ishe ni." Ya wuce ɗakin wuta, ta bi shi. Daga ƙarƙashin benci ya jawo wani tsohon gwangwanin fenti, cike da jajayen kwaɗuna da suka yi tsatsa a baki. An ce a zubar bara, bai zubar ba. Ya sa safar hannu ta roba, ya kama hannun babban makunnin da hannu biyu ya ja ƙasa. Ƙarar ta ratsa mata haƙora. Ya zura kwaɗo, ya danna, ya sa makullin a cikin safarsa ta ƙafa. Heluma yana bakin ƙofa yana faɗin abin da zai rubuta a rahoto. Ƙarfe biyu saura minti takwas.

Ta hau ɗakin sarrafawa, wani ɗakin gilashi a sama wanda ake hango ƙofar gangar daga cikinsa. Mai kula, wani mutum mai tabarau da rediyo a gefensa, ya ba ta kujera. Ƙarfe biyu ya buga. Shida suka fito, fari fat da ƙura, biyar suka shiga. Ƙirge ya sauka, ya hau, daidai. Ba abin da ya faru.

Auta yana cikin waɗanda suka karɓi aiki. Ya hango ta ta gilashi, ya ɗaga hannu da alamar tambaya. Ta ɗaga masa nata. Ya sunkuya ya shige ƙofar.

Uku ta wuce, huɗu ta wuce. Heluma ya hawo sau biyu. Na biyun ya tsaya a bayanta ya ce, "Hajiya, an ga aljanin kuwa?" Mai kula ya yi murmushi a ɓoye. Manaja ya kira, ba ta ɗauka ba. Ta fara jin kunyar da mutum ke ji in ya tara jama'a a kan abin da ba ya iya nunawa. Amma ta kasa ɗauke ido daga lambar nan da ke kan allo.

Biyar saura kwata aka gama. Biyar, huɗu, uku. Aka fito da fitilu da igiyoyin wuta. Biyu. Ɗaya. Auta ne na ƙarshe, ya fito yana kaɗe wando, ya miƙa katinsa ga na'urar. Tana kallo wani mai walda, gajere, wanda ba ta san shi ba, ya juyo daga wajen famfo da sauri kamar wanda ya tuna abu, ya raɓa ta bayan Auta, ya dangwala nasa a ɗaya gefen, ya shige.

Koriyar fitila ta kama.

A ƙasan allo, da ƙananan baƙaƙen da ba wanda ke karantawa, an rubuta ɗaya. Mai kula bai ga mai waldar ba, kansa yana kan takarda. Ya ɗago, ya ga kore, hannunsa ya tafi da kansa yadda ya saba shekara da shekaru. Ta buɗe baki, amma yatsansa ya riga muryarta.

Jiniya ta ɗauka. Sakan talatin take yi kafin injin ya tashi. Injiniya ta san wuta a yanke take, ta ga kwaɗon da idonta. Duk da haka ta tsaya manne da gilashi tana kallon ƙaton ƙarfen. Jiniya ta ɗauke. Daga ɗakin wuta aka ji ƙas, ƙas, ƙas, na'ura tana neman wutar da babu. Gangar ba ta motsa ba.

Can sai ga mai waldar ya fito da baya, guduma a hannu, yana waige-waige don ya ga wa ake busa wa jiniya.

Mai kula ya cire tabaransa ya ajiye. Heluma ya sauka matakala a hankali, ya je ya kama kafaɗar mai waldar, ya daɗe bai saki ba. Baba Mai Wuta bai ce "na faɗa" ba. Ya juye gwangwanin fentin a kan benci, ya fara ware kwaɗunan da har yanzu suke da makulli.

Auta ya same ta a gindin matakala. "Anti, ni na fito ƙarshe. Ni na yi wani abu?"

"Ba kai ba ne. Ni ce."

"Yaya ya sani kina nan?"

"Bai sani ba. Ara mini biro, akwai wuraren da zan kira."

Masana'antu shida ne ke amfani da manhajar. Kafin magariba ta same su duka, ta faɗa musu magana ɗaya: a koma kwaɗo, kada a yarda da fitila. Gyaran kansa bai kai layi goma ba. Zaren fita zai fara riƙe kulle, sannan ya rage, ya duba, ya saki ganga, duk a riƙo guda. Zaren shiga kuma ba ya taɓa ƙirge sai da kullen a hannunsa. Ita da Shiru suka bar gwaji yana gudu kwana uku, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Duk da haka, a takardar da suka aika, ta rubuta cewa kada a sake ajiye kwaɗuna. Manaja ya karanta, ya goge kalma biyu, ta mayar da su, ya sa hannu bai dube ta ba.

Ta kuma nemi rajistar sauran masana'antun, ta zauna tana bi ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ba komai. A ta biyar, wata masana'antar abincin dabbobi mai injin gauraya, ta sami layin. Mako uku da suka wuce. Mutum ɗaya, a sake. Layin da ya biyo baya ya ce: injin ya tashi. Na bayansa, sakan tara tsakani: an tsayar da gaggawa.

Ta karanta sau uku. Ta tashi ta wanke fuska a banɗaki, ta dawo ta kira.

Matar da ta ɗauka a ofishin ma'aikata ta tuna abin nan take. E, an yi hatsari. Mai shara ne. Ƙafa ta karye biyu, hannu ɗaya kuma likitoci suna ƙoƙari. Kwamiti ya zauna, ya gano shi ya shiga bai dangwala kati ba, tunda fitila ta nuna kore. An sallame shi daga aiki.

"Ba wanda ya duba rajistar?"

"Fitila ai ba ta ƙarya," in ji matar.

Ranar Asabar mijinta ya tuƙa ta zuwa wurin mai sharar, don ya ce ba zai bar ta ta riƙe sitiyari a wannan halin ba. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani gidan haya, labule shuɗi, fanka a tsaye ba wuta. Mutumin yana kwance a katifa, ƙafarsa cikin filasta a kan matashi biyu, hannunsa na dama a naɗe har kafaɗa. Matarsa ta shimfiɗa musu tabarma ta koma bakin ƙofa ta tsaya, fuskarta a ɗaure.

Injiniya ta faɗi ko wace ce ita. Ta fito da takardu uku: shafin rajistar da ta ja wa layi, da bayanin da ta rubuta ta sa hannu, da kwafin wasiƙar da ta riga ta kai wa masana'antar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata. Ta yi bayani ba tare da ta ambaci zare ko kulle ba. Ta ce na'urar ta ga katinsa, ta ƙirga shi, kuma duk da haka ta saki injin, kuma ita ce ta rubuta abin da ya sa hakan.

Mutumin ya karɓi shafin rajistar da hannunsa na hagu ya duba.

"Wato na sa katin," ya ce.

"Ka sa, malam. Ƙarfe tara da minti goma sha bakwai. Ga shi nan."

"Sun ce ban sa ba. Sun yi ta faɗa, har ni ma na fara tunanin ko mantawa na yi." Ya juyo da kansa da ƙyar wajen ƙofa. "Uwar yara, matso kusa. Hajiya, don Allah ki maimaita, ta ji da kunnenta."

Matar ta matso ta durƙusa a gefen katifar. Injiniya ta gyara zama, ta sake faɗa daga farko.